Yadda Ake Ɗora wa Mota Turbo da Sabuwar Salansa a Gida

Ɗaura turbo a jikin inji aikin yini ɗaya ne ga wanda hannunsa ya saba da sifana. Abin da ke cin makonni, kuma yake kashe inji idan an yi sakaci da shi, abu uku ne: hanyar baƙin mai, da yawan fetur ɗin da inji zai samu, da zafi. Bayanin nan ya shafi motar fetur mai injekta, mai silinda 4, mai girman lita 1.6 zuwa 2.0, wadda ba ta zo da turbo daga kamfani ba. Wanda kuma tsohon turbo kawai zai cire ya sa sabo, sashen baƙin mai da na tayar da inji karon farko nasa ne shi ma.

Turbo farfela biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da inji ya fitar yana juya farfelar baya, ita kuma ta gaba tana zuƙo iska ta tura wa inji da ƙarfi. Sandar tana juyi sama da sau 100,000 a minti, ƙananan turbo ma suna wuce 200,000, a cikin hayaƙin da zafinsa kan kai digiri 900. Ka riƙe waɗannan lambobi a ranka, domin duk ƙa'idar da za ta biyo baya daga gare su ta fito.

Lissafin ƙarfi kuwa ba shi da wuya. Iskar da muke shaƙa tana da matsin psi 14.7 a daidai gaɓar teku. Idan turbo ya ƙara psi 7, inji zai riƙa haɗiyar iska kusan ninki ɗaya da rabi na abin da ya saba. A aikace, bayan an cire asarar zafi da ta toshewar hayaƙi, ƙarin kashi 30 zuwa 40 cikin 100 ake samu. Injin mai ƙarfin doki 110 zai koma wajen 150. Wanda yake son fiye da haka a injin da ba a buɗe cikinsa an canja fistin ba, ya fara tanadin wani injin tun yanzu.

Duba inji kafin ka sayi komai

Turbo ba ya warkar da inji mara lafiya, tona masa asiri yake yi. Ka bar inji ya yi ɗumi, ka cire fulogi duka, ka danne totur, ka auna matsin kowace silinda da geji. Bambancin da ke tsakanin mafi ƙarfi da mafi rauni kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Idan mota tana shan baƙin mai, ko tana hayaƙi shuɗi, ko ruwan lagireto yana raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, ka fara da wannan gyaran. Ka kuma nemi littafin motar ka ga ma'aunin matsin injin, wato sau nawa fistin ke matse iskar da ke cikin silinda. Tsofaffin injinan da aka ƙera don turbo sukan zo da 8:1 zuwa 9:1. Naka mai yiwuwa 10:1 ne ko sama, shi ya sa psi 6 zuwa 7 ya zama iyakarka, wato kusan rabin "ba" (bar), wani ma'aunin matsi da ɗayansa ya kai wajen psi 14.5.

Kulochi shi ne zai fara kuka. Na kamfani yakan fara sulɓewa a giya ta huɗu ko ta biyar da zarar ƙarfi ya ƙaru, don haka ka sa shi cikin lissafi tare da birki da tayoyi. Sannan ka binciki dokar ƙasar da kake: a wurare da yawa cire katalis, wato tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, laifi ne, akwai iyakar ƙarar salansa, kuma inshora tana iya ƙin biya idan an canja inji ba a sanar da ita ba.

Zaɓen turbo

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sayen babba. Babban turbo a ƙaramin inji ba ya farkawa sai inji ya kusa ƙure juyinsa. Ka taka totur shiru, can daga baya ƙarfin ya zo gaba ɗaya kamar an hankaɗa ka. Ga injin lita 1.6 zuwa 2.0 da ake neman doki 150 zuwa 220, irin su Garrett GT2554R ko GT2560R, ko Mitsubishi TD04, ko K03 da K04 na BorgWarner da aka sa a injin 1.8T na Volkswagen, duk sun wadatar. A jikin gidan hayaƙi za ka ga lambar A/R, misali 0.48 ko 0.64 ko 0.86. Ƙaramar lamba tana sa turbo ya farka da wuri amma ya shaƙe a sama, babba kuma akasin haka. Ga motar da ake hawa kullum, 0.64 ko ƙasa da haka. Ka tabbatar filanjin turbo, wato fuskar da ake ɗaure shi da kusoshi, ya dace da na manifol, bututun da ke tattaro hayaƙi daga silindodi: filanji T25 da T3 ramukansu ba ɗaya ba ne.

Idan na hannu za ka saya, sa yatsa ka kama notin farfelar gaba. Turbo mai bushin yana ɗan motsi sama da ƙasa idan ba mai a ciki, wannan ba laifi ba ne muddin farfela ba ta gogar jikin gidanta. Motsin gaba da baya kuwa bai kamata ka ji shi ba. Haska tocila a kan fukafukan: idan bakinsu ya ciccije ko ɗaya ya lanƙwashe, bar shi. Duba kuma kewayen ramin westget, wato ƙofar karkatar da hayaƙi, nan ne gidan hayaƙi ya fi tsagewa.

Fetur da ƙwaƙwalwa kafin turbo

Yawancin masu aikin gida suna barin wannan sai ƙarshe, alhali shi ya kamata a fara. Ƙwaƙwalwa ita ce kwamfutar da ke sarrafa fetur da wutar inji, kuma ta motar da ba ta da turbo ba ta san matsin da ya wuce na iskar waje ba. Idan ka tura mata ƙarin iska ba ƙarin fetur, cakuɗar za ta tsinke, zafi ya hau, fetur ya riƙa fashewa da kansa maimakon ya ci wuta a hankali. Sautin kamar ana karkaɗa tsakuwa a gwangwani ne. Daƙiƙa kaɗan a haka sun isa su fasa gefen fistin inda ringi ke zama.

Kana buƙatar ƙwaƙwalwar da ake iya saitawa, ko dai a sake rubuta ta kamfani idan tana yarda, ko a sa wata daban irin su MegaSquirt, Haltech ko Link. Sensan matsin iska na kamfani yana tsayawa ne a ba 1, sai a canja shi da mai ba 2.5 ko 3. Girman injekta kuma ga yadda ake fitar da shi: ka ninka ƙarfin dokin da kake nema da 0.6, ka raba da adadin injekta, ka sake rabawa da 0.8, domin ba a son injekta ta wuce kashi 80 na lokacinta a buɗe. Doki 200 a silinda 4 ya ba da 37.5. Ninka wannan da 10.5 ka samu kusan cc 394 a minti. Ke nan injekta mai cc 440 ce ta dace, akwai sarari. Famfon fetur mai lita 255 a awa, irin na Walbro, ya fi ƙarfin wannan buƙata. Idan motar tana da bututun mayar da fetur tanki, regiletan fetur ya kasance mai bin matsi ɗaya da ɗaya: matsin iska ya hau psi 1, na fetur ya hau psi 1, daga tushen ba 3.

Sai gejin cakuɗar iska da fetur mai faɗin karatu, wanda yawanci ke zuwa da sensan Bosch LSU 4.9. Sensan iskar oksijin na kamfani kusa da 14.7:1 (iska 14.7 ga fetur 1) kaɗai yake iya faɗin gaskiya, kai kuma ƙarƙashin matsi 11.5 zuwa 12:1 kake so. Ba tare da wannan geji ba, tuƙin makaho kake yi. Fulogi a sauko da shi mataki ɗaya zuwa mai sanyi, a rage bakinsa zuwa milimita 0.7 don kada matsi ya hure wutar. A NGK babbar lamba ce mai sanyi, a Bosch kuwa ƙaramar ce, mutane da yawa suna ruɗewa a nan.

Shawara mai kyau ita ce ka haɗa ƙwaƙwalwa da injekta da famfo da geji, ka saita motar ta yi tafiya lafiya a haka na mako guda, kafin turbo ya shigo. Idan matsala ta taso daga baya, ka san ba daga nan take ba.

Kwance tsohon kaya da ɗaura manifol

Tun daren da ke gaban ranar aiki ka fesa man kwance tsatsa a kan duk notin manifol da na salansa. Inji ya huce sarai. Cire kan batir na baƙi. Idan ka ɗaga mota, ta zauna a kan ƙafafun ƙarfe na tokare mota a ƙasa mai tauri, jak na ɗagawa ne kawai, ba a shiga ƙarƙashinsa. Kafin ka taɓa bututun fetur, cire fis ɗin famfo ka tayar da inji ya mutu da kansa, matsin zai sauka. Ajiye abin kashe gobara kusa.

Notin da ya ƙi, kada ka yi masa ƙarfin tsiya. Ɗan ɗaure shi kaɗan tukuna, sannan ka kwance, ka riƙa kai da komowa. Idan bai saki ba, gasa notin da wuta har ya fara ja. Kusar da ta karye a cikin kan inji, idan akwai ɗan guntu a waje, ɗora noti a kai ka cike cikinsa da walda; zafin waldar yakan sassauta tsatsar, sai ta fito da sifana. Cusa tsumma mai tsabta a ramukan hayaƙi kafin ka kankare tsohon gaskit, ka kuma ƙirga tsummokaran da ka sa.

Manifol iri biyu ne. Na ƙarfen zubi gajere ne, ba kyan gani, amma yana daɗewa kuma turbo yana farkawa da wuri a kansa. Na bututun sitenles ya fi kyau ya fi shaƙar iska a sama, sai dai masu arha da ake yi da siririn bututu suna tsagewa a bakin walda cikin 'yan watanni. Idan shi za ka sa, kaurin bututun ya kusa milimita 3, filanji kuma 10 zuwa 12. Ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a fuskar filanjin ka haska ta baya. Idan haske yana ratsawa, kai shi a share fuskar, gaskit ba zai rufe wannan ba. Sa sababbin kusoshi, gaskit na ƙarfe mai falle-falle, da noti masu kulle kansu na ƙarfe zalla, domin masu roba a ciki narkewa suke. Ɗaure daga tsakiya zuwa gefe, a zagaye biyu ko uku. Kusa mai M8 yawanci Nm 20 zuwa 25 take ɗauka, amma lambar littafin motarka ita ce gaba. Bayan inji ya yi zafi ya huce sau biyu ko uku, sake bin su.

Turbo da bututun da ke rataye da shi suna da nauyi, kuma ƙarfen da ya yi ja laushi yake. Yi masa tokari daga jikin inji, ba daga jikin mota ba, domin inji yana rawa a kan robobinsa.

Hanyar baƙin mai

Yawancin turbon da ake cewa ya lalace, mai ne ya kashe shi: ko bai samu ba, ko ya samu mai datti, ko ya samu ya kasa fita.

Fara da juya gidajen. Sassauta kusoshin da suka riƙe gidan iska da gidan hayaƙi, ka juya tsakiyar har ramin shigar mai ya kalli sama, na fita ya kalli ƙasa. Garrett ya yarda ramin fita ya karkace daga miƙe har digiri 35, amma duk yadda ya fi miƙewa ya fi. Juya a hankali, kana gwada farfela da yatsa don kada gida ya karkace ya cije ta, sannan ka ɗaure.

Man shiga ana ɗaukarsa daga ramin sensan matsin mai da mahaɗa mai baki uku, ko daga farantin da ake sawa tsakanin inji da filtar mai. Duba zaren ramin da kyau. Injinan Japan da yawa suna da zaren BSPT mai 28 a inci, kayan da ake sayarwa kuma galibi NPT ne mai 27. Zai shiga zagaye biyu kamar ya dace, daga nan ya ci zaren ko ya riƙa yoyo har abada. Kada ka rataya sensa da mahaɗa mai nauyi kai tsaye a jikin inji, girgiza tana karya su. Bututun ya zama mai saƙar ƙarfe, girman AN-4 (lambar faɗin bututu ce), nesa da manifol. Turbo mai boris yana buƙatar matsattsen rami na kusan milimita 1 a bakin shiga, don matsin da ke isa gare shi ya tsaya wajen psi 40 zuwa 45. Mai bushin kuwa a kan fim ɗin mai sandarsa take shawagi, yawanci ba a rage masa. Kada farin tef na masu aikin famfo ko gam ɗin silikon su kusanci wannan hanya. Ɗan ɓarɓashi guda ya isa ya toshe ramin milimita 1.

Man fita shi ne inda aka fi faɗuwa. Ba famfo ke turo shi ba, nauyinsa kawai ke saukar da shi, kuma yana fitowa ne da kumfa, ya fi yadda ya shiga yawa. Saboda haka bututun ya zama AN-10, wato kusan milimita 16, ya gangara tun daga sama har ƙasa ba lanƙwasa mai kaifi, ba inda ya kwanta ko ya ɗan hau. Ya shiga kaskon mai a saman inda mai yake tsayawa. Idan bakinsa ya nutse a cikin mai, man zai taru a cikin turbo ya ɓulla ta ringin sanda, ka ga hayaƙi shuɗi ka ɗauka turbo ne ya mutu. Abin da ke kan sandar ba roba ba ce mai riƙe mai, ringi ne irin na fistin, aikinsa tare iska da hayaƙi. Muddin mai ya taru a bayansa sai ya wuce.

Cire kaskon gaba ɗaya ka huda shi a kan benci, a yi waldar mahaɗar, ka wanke shi tas. Masu huda shi a jikin mota suna shafa giris a bakin dirila su ce ya kama garin ƙarfen. Ba ya kama duka.

Akwai wata hanya da mai ke ƙin sauka ko da bututun daidai yake: matsi a cikin akwatin inji. Bawul ɗin numfashin inji da ke haɗe da manifol ɗin iska an yi shi ne don zuƙa. Idan matsin turbo ya bi ta nan ya koma ciki, zai tokare man da ke saukowa, ya kuma turo mai ta sil ɗin gaba da na baya. Sa bawul mai hanya ɗaya a wannan tiyo, ka mayar da ɗayan numfashin zuwa bututun da ke gaban turbo ta cikin gwangwanin tara mai. Haka tiyon hayaƙin tankin fetur yana son irin wannan bawul. Na bustan birki yana da nasa, gwada shi da baki: iska ta wuce ta gefe ɗaya kawai.

Turbo mai ramin ruwa a haɗa masa ruwa daga layin hita ko na totur. Ruwan ya shiga ta ramin ƙasa ya fita ta na sama, domin bayan an kashe inji ruwan zafi ya ci gaba da hawa da kansa yana jawo mai sanyi.

Westget, intakula da bututun iska

Westget ƙofa ce da ke buɗewa ta karkatar da hayaƙi idan matsi ya kai iyaka. Sifirin ɗinta shi ne mafi ƙarancin matsin da za ka iya samu, don haka ka fara da mai psi 5 zuwa 7. Tiyonta ya fito kai tsaye daga bakin gidan iska, gajere, a ɗaure bakinsa biyu. Idan ya zame, ƙofar ba za ta buɗe ba, matsi zai hau ba iyaka. A westget ta cikin gida, a saita sandar ta yadda sai ka ja ta milimita 2 zuwa 3 kafin ta shiga ƙugiyarta. Gwada ta da famfon hannu mai geji ka ga a nawa ta fara motsi.

Iskar da aka matsa tana zafi, a psi 7 ma tana iya wuce digiri 80 a ranar zafi. Intakula, wato abin sanyaya wannan iska, a gaban lagireto, bututun alminiyam mai inci 2 zuwa 2.5. Bakin kowane bututu a yi masa kumburin leɓe, in ba haka ba robar haɗi za ta fice a lokacin da ka fi buƙatar ƙarfi. Goge mai daga bakin kafin ka sa roba, ka ɗaure da kilif mai kusa a bayan leɓen. Bawul ɗin sakin iska, wanda ke fitar da matsi idan ka ɗaga ƙafa daga totur, ya zauna kusa da totur. Motar da ke auna iska da sensa a bayan filta dole a mayar da iskar da aka saki gaban turbo. Idan ka sake ta waje don jin ƙarar nan, ƙwaƙwalwa ta riga ta ƙirga ta, fetur zai yi yawa, mota ta riƙa mutuwa a danja.

Salansa

Motar da ba ta da turbo tana amfana da tsawon bututu da saurin hayaƙi. A bayan turbo kuwa abin da ake so kawai hanya ta buɗe, domin bambancin matsi tsakanin gaban farfela da bayanta shi ke juya ta. Inci 2.5 ya isa har doki 250, inci 3 na wanda ya wuce haka ne, kuma a ƙaramin inji ƙara kawai zai ƙaro maka. Bututun farko da ke fita daga turbo shi ya fi muhimmanci: lanƙwasarsa ta zama mai faɗi, wadda aka lanƙwasa da ƙarfe a ciki don kada ta matse. Buɗaɗɗiyar salansa a kan turbo mai ƙaramin ramin westget tana iya sa matsi ya riƙa hawa da kansa a babban juyi ko da ƙofar a buɗe take. Maganinsa a faɗaɗa ramin da giranda, ko a sa westget ta waje mai milimita 38 ko 44.

Inji mai kwance a gicciye yana rawa gaba da baya, don haka dole a sa haɗi mai lanƙwasuwa a ƙasan bututun farko, da tokari daga bututun zuwa jikin inji ko giya kafin wannan haɗin. Rashinsa shi ke tsaga manifol. Ramin sensan gejin cakuɗa a yi shi kafin katalis, aƙalla santimita 45 daga turbo, gara ma ya kusa 90, a saman bututu tsakanin ƙarfe 10 da ƙarfe 2 na fuskar agogo, don ruwan da ke taruwa da safe kada ya zuba a kansa ya fasa shi. Katalis mai faɗin rami ba ya cin ƙarfin da za ka ji a wannan mataki, bar shi.

Yanka, jera, ɗiga walda wuri uku a kowace gaɓa a jikin mota, yi wa gaɓoɓin alama, sannan ka sauke ka gama waldar a ƙasa. Sitenles 304 ana yi masa da sandar 308L, idan kuma za a haɗa shi da baƙin ƙarfe, 309L. Cika cikin bututun da iskar agon yayin walda, in ba haka ba cikin zai yi ƙuraje, a manifol kuma ƙurajen nan ɓallewa suke su faɗa wa farfela. Kada ka yi walda a bututu mai rufin zinki, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi. Idan za ka ɗiga walda a jikin mota, batir a cire, wayar ƙasa ta walda kuma a maƙala ta dab da wurin.

Bar tazarar santimita 2.5 tsakanin salansa da jikin mota, fiye da haka kusa da layin birki da na fetur da tanki. Sitenles yana ƙara tsawo idan ya yi zafi, salansa mai mita 3 tana iya miƙewa santimita 1 zuwa 2, don haka robobin rataya su ɗan karkata gaba a sanyi. Rataya komai a sassauce, sannan ka ɗaure daga gaba zuwa baya. Duk tiyo, waya, tukunyar man birki ko fankar lagireto ta roba da ke kusa da gidan hayaƙi a kare su da farantin zafi mai ɗan rata a bayansa.

Tayarwa karon farko

Canja baƙin mai da filta, ka sa mai irin na sintetik mai jure zafi. Zuba mai a ramin saman turbo kana juya farfela da yatsa. Cire fis ɗin famfon fetur da wayar koyil, ka bar ƙasan bututun fitar mai a cikin gwangwani, ka juya inji daƙiƙa 10 zuwa 15 kana hutar da kik, har mai ya fito. Haɗa bututun da kaskon mai. Kafin ka tayar, toshe bakin turbo da murfi mai bawul ɗin taya, buɗe murfin baƙin mai, ka hura psi 10 a hankali, ka fesa ruwan sabulu a kowace gaɓa. Inda ya yi kumfa, nan ne yoyo.

Fitar da motar waje ko ka buɗe ƙofofin gareji duka, hayaƙin mota a rufaffen ɗaki yana kisa ba wari ba gargaɗi. Tayar, kada ka taɓa totur na minti 5. Sabon ƙarfe zai yi hayaƙin maiƙo na ɗan lokaci. Duba ɗigar mai da ruwa da fetur, fitar da iskar da ta shiga lagireto. Yoyon hayaƙi a gaban sensa yana jawo iska ciki, geji ya nuna fetur ya yi kaɗan alhali ba haka ba ne. Baƙin tabo a gefen gaskit shi ne alamarsa.

Fita da fetur mafi ƙarfin okten da ake samu, mutum biyu, ɗaya na tuƙi ɗaya na kallon kwamfuta. A matsayin farawa ana ja da lokacin wutar fulogi baya kusan digiri 1 ga kowane psi 1, a gyara daga nan. Shiga matsi kaɗan-kaɗan a giya ta uku, psi 2, sannan 4. Gejin cakuɗa ya wuce 12.5 ƙarƙashin matsi, ko ka ji ƙarar tsakuwa, ɗaga ƙafa nan take. Saitin ƙarshe na lokacin wuta a kai wa mai injin gwajin ƙarfi da na'urar sauraron inji, kunne a kan titi ba ya jin farkon fashewar.

Hayaƙi shuɗi bayan tsayuwa a danja, duba bututun fitar mai da numfashin inji kafin ka zargi turbo. Baƙin hayaƙi da rashin ƙarfi a mota mai sensan iska, roba ce ta fashe ko ta zame. Inji ya riƙa cijewa daidai lokacin da matsi ya shigo, bakin fulogi ya yi faɗi ko koyil ya gaji. Ƙara kamar jiniya da ke hawa da juyin inji, farfela ce take gogar gida. Kashe motar ka buɗe bututun gaba ka duba.

Bayan gudu mai tsanani, bar inji ya yi silo minti 1 zuwa 2 kafin ka kashe, ko ka rage gudu a kilomita 2 na ƙarshe, domin man da ya tsaya a cikin turbo mai zafi ƙonewa yake ya zama gawayi a kan sanda. Sake canja mai bayan kilomita 1,000 na farko, ka bi notin manifol da na bututun farko da duk kilif, ka cire fulogi ka duba farin bakinsu: ɗige-ɗige baƙi ko masu ƙyalli kamar barkono alamar fashewa ce da ba ka ji ba, sai a ƙara ja da wuta baya ko a rage matsi psi 1.